Buhu Biyu daga Kasuwar Barci

Ranar Litinin Hajiya Tabawa ta sauko daga keke
da buhu biyu na gwanjo daga Kasuwar Barci.
Ta ce, "Malama Uwani, juye musu duka,
kada a ce makarantarmu ta gaza ta Barnawa."
Na juye.

Mota ta hau mota, jirgi ya danne giwa,
'yar tsana mai jan gashi ta kifa a kan ganga,
ga wata agwagwa mai kuka in an taka ta,
kuma an taka ta, wallahi, har azahar.

Yara goma sha tara.
Ban taɓa ganin masu dukiya cikin damuwa irin tasu ba.
Sagir ya ɗauki jirgi, ya hango babur, ya yar,
ya ɗauki babur, ya hango na hannun Kuyet.
Zulai ta tara guda tara, ta kwanta a kai kamar kaza,
ba wasa take ba, gadi take.
Taura biyu ba ta taunuwa, balle ɗari da ashirin
a bakin da bai gama haƙori ba.

Da aka tashi, ni da Iya mai shara
muka yi ta tsintar ƙafa da taya har la'asar.

Sai ruwan Agusta ya zo ya raba gardama.
Kwano ya yi yoyo daidai kan buhunan,
duk mai gashi ya yi fumfuna,
duk mai batir ya yi shiru.
Muka shanya su a bayan aji.

Abin da ya rage: kwalin taliya huɗu,
marafan kwalba cike da gwangwanin madara,
guntayen katako da kafinta ya goge mana,
da tsohon gyalena.

Na zauna ina jiran kuka.

Shekwolo ne ya fara jera kwalayen.
Ya ce jirgin ƙasa ne, daga Rigasa zai tashi.
Zulai, mai gadin jiya, ta koma mai yankan tikiti,
marfi biyu kuɗin babba, goyo kyauta.
Gyalena ya kwanta ya zama kogin Kaduna.
Sagir ya gina gada, ta rushe, ya gina, ta rushe,
ya ciji leɓe, ya kira Kuyet ta riƙe masa gefe.
Minti arba'in. Sau biyu na duba agogo.
Shayina ya huce ban tsawata wa kowa ba.

Kada in yi ƙarya, ƙaranci ma yana da haƙori.
Cokali ɗaya ne a kwanon yashi,
a kansa Nafi'u ya ciji Bitrus a kafaɗa.
Washegari na zo da shida daga gidana,
duk iri ɗaya, kada a ce na wane ya fi.
Hansatu kuwa ba ta shiga jirgi ba.
Ta tsaya a taga tana kallon shanya
har na ɗauko mata 'yar tsanar nan mai hannu ɗaya,
da sauran danshinta, ta goya.

Yanzu buhunan suna saman kabad.
Duk Litinin in sauko da kaɗan, in mayar da kaɗan.
Motar da aka manta da ita wata guda
sai ta dawo da farin jinin baƙon Sallah.

Jiya baban Sagir ya leƙo, ya ga fili a tabarma,
ya ce, "Kuɗin da muke biya fa? Ina kayan?"
Hajiya ta juyo: "To, nawa ya kamata a fitar?"
Ta buɗe littafi, biro a hannu, tana jiran lamba.

Ba ni da ita.
Ido ba mudu ba ne, ya dai san kima.
Na ce su cire takalmi su nemi marfi bibbiyu,
jirgin ƙarfe goma na shirin tashi,
kuma Zulai ba ta ba da bashi.